Baƙona ya sauka a masallaci

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Daga Sabon Garin Wudil nake rubutowa.

Ina da amini, mai fataucin shanu daga Nijar. Shekara da shekaru a gidana yake sauka duk kasuwar Juma'a. Da aka yi juyin mulki a ƙasarsu, ƙasarmu ta rufe iyaka, ta yanke musu wuta, wai sai sun mayar da shugaban da aka kifar.

Bayan an buɗe ya dawo, amma a masallaci ya sauka. Na kai masa abinci, ko taɓawa bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, cikin duhu da zafi mahaifiyata ta cika. Ku da muke kira yayyenmu!"

Ba ni na rufe iyakar ba, amma na kasa ɗaga kai. Jama'a, da wane baki zan ba shi haƙuri?