Ɗaki Takwas, Duk 'Yan'uwa Ne a Ciki

Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu saurare. Ni ne Yakubu kafinta daga unguwar Majidaɗi a Jalingo.

Da aka ba mu jiha, ma'aikata suka cika Jalingo, ɗakin haya ya yi wuya. Ina da fili a unguwar Yelwa, ba kuɗin gini. Na daɗe ina lallashin Alhaji Buba, dillalin shanu, kafin ya sayar da bijimai ya shigo. Muka gina ɗaki takwas, huɗu nasa, huɗu nawa.

Fenti bai bushe ba 'yan'uwana suka iso daga ƙauye neman aikin gwamnati. Nasa ma haka. Wa zai iya tambayar ɗan kawunsa kuɗin haya? Ma'aikata kuwa suna zuwa da kuɗi a hannu, muna ba su haƙuri!

Jiya Alhaji ya ce, "Yakubu, mu yi musaya. Naka su koma ɗakunana, nawa su koma naka. Ni ba na jin kunyar kawunka."

Masu gidajen haya, akwai wanda ya taɓa gwada wannan? Ku amsa mini kafin Lahadi, don goggona ta aiko cewa tana tafe da katifarta.