Atamfar da Yahaya Ya Aiko Daga Kano

Inna: Alo! Yahaya ne?

Yahaya: Ni ne, Inna. Ina wuni?

Inna: Lafiya lau. Ya Kano? Ya ɗinki?

Yahaya: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Matameye? Ya ƙafar taki?

Inna: Da sauƙi. Kana sallah kan lokaci?

Yahaya: Ina yi, Inna. Ya kamfen ɗin Yaya Sa'adu? Atamfar da na aiko wa matan kamfen ɗin ta iso?

Inna: Ta iso. Ita ce ma ta jawo za a soke takararsa ta konseye, kansilan nan da yake nema.

Yahaya: Subhanallahi! Alo? Me kika ce?

Inna: Ka matsa inda akwai rezo! Fuskar wane ne a jikin atamfar?

Yahaya: Wani ɗan takara ne na nan, ya faɗi zaɓe, aka karyar da ragowar. Na ga yadin mai kyau ne.

Inna: To, mata sun ɗaura sun je mitin, kowace da ƙaton ɗan Najeriya a bayanta yana dariya. 'Yan adawa suka ce ƙasar waje ta sa hannu a zaɓenmu na Nijar. Yau aka turo mai bincike daga Damagaram, ya ce akwai ɗan leƙen asiri a kamfen ɗin.

Yahaya: Ɗan leƙen asiri? Wa?

Inna: Da farko maƙwabcinmu Malam Lawali suka kama, don baƙin tabarau. Na ce su sake shi, aikin ido aka yi masa.

Yahaya: Madalla. To shi ke nan?

Inna: Sai ya tambaye ni wa ya aiko kayan. Na ce kai.

Yahaya: Inna!

Inna: Ƙarya zan yi da furfurata? Ya ce kana tambayar labarin gari? Na ce duk Juma'a: wa ya mutu, wa ya sauya jam'iyya, Rahama ta yi aure ko tukuna.

Yahaya: Har Rahama kika faɗa?

Inna: Ita ya fi rubutawa. Ya ce ko kana shigowa ta ɓarauniyar hanya? Na ce tun da katin shaidarka ya ɓace ba ka bi ta bodar Ɗan Barto ba.

Yahaya: Innalillahi! Inna, ni tela ne! Damina ta kusa, ta yaya zan zo noma?

Inna: Za ka zo, gobe ma. Ka kai kanka jandarmari, ka ce yayanka bai san komai ba.

Yahaya: Su rufe ni fa?

Inna: In sun rufe ka, tuwo ba zai yanke maka ba. Shi takara gare shi, kai me gare ka?

Yahaya: Haba Inna, ki saurare ni...

Inna: Kiredina zai ƙare. Ka taho da turmi ɗaya na atamfar, gwaggonka Hauwa ba ta samu ba, tana ta fushi. Mai babbar fuskar, ba ƙaramar...