Sanƙo Mai Kusurwa Huɗu

A tashar motar Gassi, wani dattijo ya cire hula yana fifita, matar da ke bayansa ta leƙo.

"Baba, afe, sannu. Wane wanzami ne ya yi maka wannan ɓarna a ƙeya? Sanƙo har da kusurwa huɗu!"

"Ba wanzami ba ne, 'yata, likitocin Faransa ne. Jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe a ƙwaƙwalwata, ina ta faɗuwa. Ta cinya suka zura ɗan siririn bututu har cikin kai, suka liƙe wurin da gam."

"Ta cinya? Kai, Baba!"

"Wallahi ko fatar kaina ba su yanka ba. Hasken na'urar da suke dubawa da shi ne ya daɗe a wuri ɗaya, gashin ya zube. Doktor ya ce da wuya hakan ke faruwa, sai ga shi a kaina."

"Allah sarki. Bai ce zai sake fitowa ba?"

"Ya fito mana, tun bara."

"To, wannan fa?"

Dattijon ya yi dariya har da tari.

"Wanzamina na unguwar Sabangali ke gyara mini shi duk Juma'a. Na dawo gida ba ɗinki, ba tabo, 'yan'uwa suna cewa yawon buɗe ido na je. Na leƙa kabari Allah ya dawo da ni, kuma in rasa abin nunawa?"

"To Baba, mayar da hularka, rana."

"Bari mutanen baya su gani tukuna."