Dogon Idon Bature da Fadamar da Muka Ɓoye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, shugaban wannan zama. Allah ya gafarta Malam Abdulwahid, limaminmu. Iyayenmu dattawa, masunta da manoman fadama, iyayenmu mata da ke saurare daga bayan danga, jama'ar Kwarin Ari baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni ne Fannami, bulamanku. Na gode muku da kuka bar ɗaurin kaya kuka zo, na kuma gode wa wakili da ya yarda in yi magana, ko da yake tun a zaure ya gaya mini takardar da ya kawo ba ta sauyuwa. Nan da kwana bakwai za mu tashi, mu bar kogi, mu bar fadama, mu koma tudun da aka zaɓa mana. Abin da ya rage shi ne ku ji yadda aka yi daga bakin wanda ya jawo.

Na farko, Baturen nan na bara, mai ɗaukar hoto, wanda kuka laƙaba wa suna Dogon Ido. Kun ga akwatinsa a kan ƙafa uku, da bututu mai tsawon kamu guda da madubi a bakinsa. Ya ce in leƙa, na leƙa. Jama'a, kukar da ke can bakin gari sai ga ta a kan hancina! Tafintansa Umara ya yi dariya ya ce, "Baba Bulama, aikinsa ke nan, yana jawo na nesa ya manna shi da na kusa." Na ji maganar, amma ban auna ta ba.

Na biyu, laifina. A lokacin shinkafa ta ɗauki ciki, fadama ta yi kore shar tun daga bakin kogi. Wa a cikinmu yake nuna wa baƙo gonarsa tana cikin wannan hali? Wa yake yabon amfaninsa da bakinsa? Da tsoron kambun baka aka haife mu, ido biyu ma muna gudunsa, balle ido mai tsawon kamu. Da ya juya akwatin wajen fadama sai na sha gabansa. Ya tambayi abin da muke nomawa, na ba shi amsar da ubana yake ba kowa: "Babu komai, ranka ya daɗe, yashi ne ya ishe mu." Ni na yi masa jagora zuwa kudancin gari da sassafe, ni na nuna masa babbar jigawa, tudun yashin nan da ke arewa da mu. Ya yi ta murna, wai inuwar safiya ta kwanta a kan yashin yadda yake so. Na koma gida ina ganin na tsare muku abincinku.

Na uku, ga hoton a hannuna, a miƙa shi kowa ya gani. Ga rufin ɗakunanmu, ga kuka, ga jigawa ta tsaya a kansu kamar bangon da zai rushe. Wallahi hoton ya yi kyau, kuma wallahi ba haka garinmu yake ba. Hajja Aisa, wadda ta girme mu duka, ta fita da sandarta daga gindin kuka da hantsi, ba ta taka yashin nan ba sai da rana ta take. Tun tana amarya a nan ta san shi, bai matso ba. Amma manyan da suka ga hoton ba su ga Hajja Aisa ba. Sun ga yashi a kan gidaje, sun karanta a ƙasa cewa bulaman garin da kansa ya ce babu komai. Suka ce a cece mu.

Na je Haɗeja sau uku. Na roƙa a zo a taka da ƙafa, aka ce hoto ba ya ƙarya. Na roƙa a dawo da Baturen ya juya bututunsa wajen kogi sau ɗaya tak, aka ce ya hau jirgin ruwa tuni. Ba ni da sauran ƙofar da zan buga, kuma ba zan ce muku ku sa rai ba. Ku yafe mini. Kaburburan iyayenku da za ku bari, ku yafe mini. Ari masunci, mai komar kifi, da za a kai ka inda guga ke gajiya kafin ya taɓa ruwa, ka yafe mini.

Ranka ya daɗe, abu ɗaya nake so ka kai musu, abin da babu wani ɗan garin nan da ya taɓa faɗa a gaban jama'a. Shinkafarmu ta yi kyau bana. Ta yi kyau bara, ta yi kyau tun zamanin kakanninmu, kifinmu bai taɓa yankewa ba, rumbunanmu a cike suke. Na faɗa. Duk idon da zai kama ya kama, babu sauran abin da za mu ɓoye.

Allah ya jiƙan waɗanda za mu bari a kwance. Allah ya ba tsofaffinmu ƙarfin ƙafa, ya sa mu tarar da ruwa inda za mu. Allah ya mai da wakili gida lafiya.

Na gode.