Kaskar Gwashi Za Ta Hau Jirgi

A tashar motar Bukkuyum, wani dattijo makiyayi ya leƙa kwalbar da wata budurwa ta rungume.

"Ɗiyata, kaska nika gani cikin kwalba?"

"Ita ce, Baffa. Daga jami'a nake. Gwamnati ta ɗauki nauyin bincikenmu kan ciwon da ke kashe shanu, mu da wasu likitocin Jamus. Can za a kai su."

"Jamus? A jirgi?"

"A jirgi, har da na'urar sanyi."

"Ikon Allah! Shekara sittin ina kallon jirgi daga ƙasa, ga kaska ta riga ni! Ina kika samo su?"

"Rugar wani Mainasara a Gwashi. Ba ya nan, matarsa ta yi mana izini."

"Ke! Ni ne Mainasara! Direba, ka jiya? Jinin shanuna za shi Turai! Yau ba mai zama kusa da ni sai da alwala!"

"Baffa, ai matattu ne."

"Gara haka, shanuna bakwai suka kashe bara. Ɗiyata, ki ce wa Jamusawan nan ina gaishe su, amma su yi da jiki. Huɗu suka rage min."