Hancin Wa Ta Ɗauko?

A ɗakin jira na likitan gyaran fuska, wata budurwa ta lura jaririyar da ke cinyar matar kusa da ita ta ƙura wa hancinta ido. Ta ja mayafi ta rufe shi.

"Ƙanwata, hanci za a rage miki?" in ji matar.

"Eh, Anti. Tun ina firamare ake kirana Hanci-baje. Ke fa?"

"Nawa an gama tun kafin aure. Duba, kamar biro! Hoto na zo roƙa."

"Hoto kuma?"

"Na tsohon hancina. Na gida duk na ƙone su, saura wanda likita ya ɗauka kafin aiki. Ga 'yar nan ta fito da shi sak, dangin mijina sun sa ni gaba, wai hancin wa ta ɗauko? Surukata har kakanni ta lissafo, babu mai irinsa."

Budurwar ta tuntsire da dariya. "Maigidan fa?"

"Jiya ya ji labari. Wai ashe rabin hanci ya aura, ina sauran?"

"To in ta girma, za ki kawo ta a gyara?"

Matar ta ƙanƙame 'yarta. "A gyara me? Wa zai taɓa min wannan hancin? Kalle shi fa, tubarkalla!" Ta sumbace shi.

Budurwar ta tuna yadda babanta ke jan nata hancin yana cewa, "Wannan nawa ne." Ta saki mayafin, ta ɗauki jakarta a hankali. Da ma'aikaciyar jinya ta leƙo kiranta, kujera kawai ta tarar.