Rigar Sanyi Saboda Duniya Mai Zafi

A shagon rigunan sanyi na ji wani dattijo yana yi wa wata mata ƙorafi.

"Kan 'yata ne, baiwar Allah. Wai za ta tafi karatu a kan wata ƙatuwar duniya mai zagaye wani tauraro can nesa, zafinta har ƙarfe yake narkarwa."

"Wa ya je ya taɓa, Baba?"

"Yawwa! Ko ganinta ba su yi ba, hasken tauraron ne ke raguwa in ta gifta. Na ce ba inda za ta."

"Amma ka haddace karatun. To me ya kawo ka nan?"

"Madubin hangen taurarin nasu a kan dutse yake, sanyi kamar me." Ya ɗaga wata shuɗiya. "Wannan za ta yi wa mai tsayinki?"